Ƙona karan gona ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfi

Manoma da yawa a yankin Kumo da Deba sun ɗauka idan aka cinna wa karan dawa wuta bayan girbi, tokar ta zama taki. Tokar tana da ɗan amfaninta, akwai sinadarin fotash a ciki. Amma naitirojin, wanda muke kashe kuɗi mu saya a buhun yuriya, hayaƙi ne ke tafiya da shi. Sai ƙasa ta zauna tsirara, iskar hunturu ta kwashe tokar, ruwan farkon damina ya wanke saman gonar, zaizayar da ke cin Gombe ta ƙara samun hanya. Karan da aka bari ya ruɓe, ko shanu suka ci suka bar kashi a gonar, shi ke riƙe danshi ya ciyar da shuka.