Ƙwallon Amurka ta ja sauran wasannin jami'o'i zuwa inda ba su da amfani

A ranar 4 ga Agustan 2023, rukunin gasar jami'o'in yammacin Amurka da ake kira Pac-12, wanda tushensa ya faro tun 1915 a birnin Portland, ya wargaje cikin yini guda. Da safiyar ranar ana sa ran shugabannin jami'o'in za su amince da yarjejeniyar nuna wasanninsu da kamfanin Apple, sai jami'o'in Oregon da Washington suka sanar da cewa sun kama hanyar wani rukunin, wato Big Ten. Kafin a kwanta barci, Arizona da Arizona State da Utah sun bi sawun Colorado zuwa rukunin Big 12. Ba a cika wata guda ba Stanford da jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke bakin tekun Fasifik, suka shige ACC, rukunin da aka kafa domin jami'o'in gabar tekun Atlantika. Da yake jami'o'in USC da UCLA sun riga sun sanar da ficewarsu, cikin jami'o'i 12, biyu kacal aka bari a gida, wato Oregon State da Washington State.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'i a matsayin abin da ake yi na 'yan kwanaki a watse zai yi mamakin yadda wannan labari ya girgiza Amurka. A can, wasan jami'a babbar kasuwa ce. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, kuma yakan cika duk Asabar ɗin da ake wasa a cikinsa, alhali 'yan wasan ɗalibai ne da yawancinsu ba su wuce shekara 22 ba. Wasan da ke tara wannan jama'a ita ce ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita ana bangaje juna, kuma ita ce ke kawo mafi yawan kuɗin shiga. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni yana tsara jadawalin wasanninsa, yana fitar da zakaransa, sannan yana sayar da haƙƙin nuna wasanninsa ga gidajen talabijin a raba kuɗin tsakanin mambobi. Sama da shekara ɗari, maƙwabtaka ce ke haɗa rukuni: jami'o'in kudu suna tare, na yamma suna tare, na tsakiyar ƙasa suna tare.

Ra'ayina a kan wannan sauyin sheƙa shi ne, an ɗora wa dubban ɗalibai masu wasan ƙwallon raga da iyo da kokawa da guje-guje wahalar cinikin da ba domin su aka ƙulla shi ba, kuma ba su da bakin magana a cikinsa. Idan ƙwallon Amurka ta girma har ta zama sana'ar biliyoyin daloli, to a ware ta, ta yi tsarinta ita kaɗai, a bar sauran wasanni su koma wurin maƙwabtansu.

Asalin lamarin yana komawa 1984. Kafin wannan shekara, NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke riƙe da haƙƙin nuna ƙwallon jami'o'i a talabijin, tana ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa wannan tsari ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci. Daga nan kowane rukuni ya samu damar cin kasuwarsa da kansa, kuma nan take darajar jami'a a idon rukuni ta koma yawan idanun da za ta iya jawowa gaban akwatin talabijin. SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabas, ta ɗauko Arkansas da South Carolina ta kai mambobi 12, ta fara wasan ƙarshe na fitar da zakara a 1992. Penn State ta fara buga ƙwallo a Big Ten a 1993. A 1996 tsohon rukunin Southwest ya mutu, manyansa suka shiga sabuwar Big 12, aka zubar da irin su jami'ar Houston, inda Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi suna a ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980. Sai da Houston ta jira har 2023 kafin ta samu shiga Big 12.

Abin da ya fi fito mini da manufar a fili shi ne shigar Rutgers da Maryland cikin Big Ten a 2014. Babu wanda ya taɓa cewa an ɗauko su ne domin ƙarfinsu a fili. Big Ten ta buɗe tashar talabijin tata a 2007, kuma kuɗin da kamfanonin kebul ke biyanta a kan kowane gida yakan ƙaru sosai idan gidan yana yankin da rukunin ke da mamba. Rutgers tana dab da birnin New York, Maryland tana dab da birnin Washington. Gidajen waɗannan birane aka saya, aka haɗa da jami'o'in a matsayin gyara.

Bayan haka kuɗin ya kai inda babu shugaban jami'ar da zai iya kau da kai. A Yulin 2021 Texas da Oklahoma suka bayyana cewa za su bar Big 12 zuwa SEC. A ƙarshen Yunin 2022 USC da UCLA, dukansu a Los Angeles, suka ce sun koma Big Ten, kuma makonni kaɗan bayan haka Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7. Yau Big Ten tana da mambobi 18 daga teku zuwa teku, SEC tana da 16, Big 12 ma 16. Domin a gane irin tsoron da ya kama waɗanda ke gudun a bar su a baya, ya isa a duba abin da wasu suka yarda da shi: Oregon da Washington sun karɓi kusan rabin kason da tsofaffin mambobin Big Ten ke samu, jami'ar SMU ta Dallas kuwa ta amince ta shafe shekara tara a ACC ba tare da ta karɓi kuɗin talabijin ba, attajiran tsofaffin ɗalibanta ne suka ɗauki nauyin cike giɓin.

Ba zan wanke Pac-12 ba. Shugabanninta sun buɗe tashar talabijin tasu a 2012 ba tare da abokin tarayya daga manyan gidaje ba, tashar kuma ta kasa shiga DirecTV, babban kamfanin talabijin na tauraron ɗan'adam, har ta mutu. Rahotanni sun nuna cewa tashar wasanni ta ESPN ta yi musu tayin kusan dala miliyan 30 ga kowace jami'a a shekara, suka nemi 50, ESPN ta tattara takardunta ta tafi, Big 12 kuma ta riga su kammala nata cinikin a Oktoban 2022. Girman kai ya taka rawa a wannan mutuwa, kuma shi ya sa ba na yarda da masu ɗora laifin duka a kan gidajen talabijin. Shugabannin jami'o'i ne suka sa hannu, waɗanda kullum ke cewa karatu ne a gaba.

Yanzu a dubi ɗalibar da ke buga ƙwallon raga a UCLA. A da, mafi yawan tafiyarta ba ta wuce awa biyu zuwa uku a jirgi, kuma wasanta da USC a cikin gari ɗaya ne. Yanzu jadawali yana iya kai ta New Jersey, tafiyar kusan kilomita 3,900, sama da awa biyar a sama, da bambancin agogo na awa uku. Wasan da aka sa ƙarfe 12 na rana a can, a jikinta ƙarfe 9 na safe ne. Za ta bar aji tun tsakiyar mako, ta buga wasa, ta wuce wata jiha ta buga na biyu, ta dawo cikin dare ranar Lahadi da kwamfuta a cinya tana ƙoƙarin kammala aikin da malami ke jira da safiyar Litinin. Ƙungiyar ƙwallon Amurka tana buga wasa 12 ne a kaka, kusan biyar ko shida a waje, galibi ranar Asabar, kuma a jirgin shata take zuwa ta dawo a daren. Masu ƙwallon raga da kwando da sauran wasanni suna buga wasa talatin ko fiye, da yawa a tsakiyar mako, kuma ba kowace ƙungiya ce ake ɗaukar wa shatar jirgi ba. Wato wasan da ya jawo sauyin shi ne ya fi kowa samun sauƙin tafiya, waɗanda aka ja a baya su ne ke kwana a filayen jiragen sama.

Kusan dukan waɗannan ɗalibai ba za su taɓa cin abinci da wasa ba. Digirin da suka je nema shi ne abin da zai rage musu, kuma shi ne ake yanka domin a cika jadawali. Wannan ya shafi matasanmu kai tsaye, domin tallafin karatu na wasanni yana cikin manyan hanyoyin da 'yan Najeriya ke bi su shiga jami'o'in Amurka, musamman a guje-guje da ƙwallon kwando. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duk sun fito ne daga jami'ar UTEP da ke El Paso, kuma ita ma UTEP guguwar ta iso ta: da sabuwar Pac-12, wadda Oregon State da Washington State suka sake ginawa, ta kwashe Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State daga rukunin Mountain West, sai Mountain West ta juya ta ɗauko UTEP domin cike gurbi daga 2026. Haka abin yake gangarowa, babba ya ƙwace daga na ƙasa da shi, shi ma ya ƙwace daga na ƙasa, har a kai kan waɗanda ba su da wanda za su ƙwata a wurinsa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin akanta. Wasan ƙwallon Amurka da ake kira Bedlam tsakanin Oklahoma da Oklahoma State, wanda aka fara tun 1904, ya tsaya bayan 2023. Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa bayan 2011, sai a 2024 suka sake karawa, shi ma domin kuɗi ya sake tara su a rukuni ɗaya. Garin Pullman, inda Washington State take, ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin alkama, mutanensa ba su kai dubu 40 ba, kuma ranakun da USC ko Oregon ke zuwa su ne ranakun da otal-otal da gidajen abinci ke cika. Mutanen garin ba su yi laifin komai ba, illa dai ba su da yawan da zai burge mai talla. Gaskiya ne jami'o'in biyu da aka bari sun je kotu sun samu iko da dukiyar rukunin, kuma sun sake gina shi, amma kuɗin da za su riƙa samu bai kama ƙafar na da ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan sauyin ke kawowa ita ce, kuɗin ƙwallon Amurka ne ke ciyar da sauran wasannin, saboda haka duk abin da ya ƙara wannan kuɗi alheri ne ga mai iyo da mai kokawa. Akwai gaskiya a ciki. UCLA tana fama da bashi mai nauyi a sashen wasanninta lokacin da ta yanke shawarar tafiya, kuma dokar Title IX ta 1972 ta wajabta wa jami'o'i ba wa mata dama daidai da maza, wanda ke nufin dole a samo kuɗi daga wani wuri. Sai dai tarihin shekaru 40 ya nuna cewa duk ƙarin da ya shigo, albashin koci-koci da sababbin gine-ginen atisaye ne ke fara lashe shi, har ya zama koci yana karɓar sama da dala miliyan 10 a shekara a jami'ar gwamnati. Ga shi kuma tun Yunin 2025, bayan wata alƙaliya a Kalifoniya ta amince da sasancin shari'ar House, wadda 'yan wasan jami'o'i suka shigar suna neman a biya su, kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma mafi yawansa ga 'yan ƙwallon Amurka yake tafiya. Ban ga laifin biyansu ba, domin su ne ke karya ƙasusuwansu a fili, amma hakan ya tabbatar da cewa wannan wasa ya riga ya zama sana'a. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa yau gidan talabijin ne ke faɗa wa jami'a ranar da za ta yi wasa da ƙarfe nawa, ko da daren Juma'a ne bayan tafiyar da ta ratsa ƙasar.

Maganar ware ƙwallon Amurka ba sabuwa ba ce. Chip Kelly ya faɗe ta a 2023 lokacin yana kocin UCLA, kuma misalin da ya kawo yana nan kowa yana gani: Notre Dame ba ta cikin kowane rukuni a ƙwallon Amurka, amma yawancin sauran wasanninta suna ACC, kuma babu abin da ya lalace. Jami'o'i sittin ko saba'in za su iya haɗa gasar ƙwallon Amurka guda, su sayar da ita a dunƙule, su ware wani kaso a rubuce domin sauran wasanni, sannan 'yan ƙwallon ragar Stanford su koma karawa da UCLA da Oregon State kamar yadda hankali ya nuna.

Abin da ke hana hakan shi ne Big Ten da SEC ba su da dalilin raba abin da suka riga suka kama. A sabon tsarin rabon kuɗin gasar zakaru ta ƙasa, wadda aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024, su biyun ne ke ɗaukar fiye da rabi. Saboda haka tsugune ba ta ƙare ba. Florida State da Clemson sun riga sun kai ACC kotu suna neman hanyar fita, aka sasanta a Maris ɗin 2025 a kan rage kuɗin ficewa sannu a hankali zuwa wajen 2030, daidai lokacin da yarjejeniyar talabijin ta Big Ten za ta ƙare, ta Big 12 kuma ta biyo baya da shekara guda. Ina kyautata zaton a wannan zagaye ba za a tsaya kan sato jami'o'i daga maƙwabta ba, manyan za su fara tambayar dalilin da ya sa manya irin su Ohio State da Alabama ke karɓar kaso iri ɗaya da ƙananan da ke rukuninsu, irin su Purdue da Mississippi State.