Faɗa ba ya sauke suga

Yana damuna yadda mutane da yawa a Kaduna ke ganin nas ta gari ita ce mai yi wa mai ciwon suga faɗa: "Ka bar zaƙi, ko a yanke maka ƙafa!" Ba ƙarya ba ne, ciwon kan kai ga haka. Sai dai tsoro na kwana biyu ne, wani ma sai ya ƙaurace wa asibitin.

Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya tambaya da sauraro. A ce a ƙaramin asibiti a Tudun Wada nas ta ce, "Baba, sukari cokali nawa kuke sa wa shayi? Nawa za ku iya ragewa?" Ya ce daga uku zuwa ɗaya. Tunda shi ya yanka wa kansa, ranar awo zai dawo ya faɗi gaskiyar inda ya tsaya.