Modem ɗinka bai mutu ba

Mutum zai ɗora Linux a kwamfutarsa, modem, wato na'urar shiga intanet ta layin wayar tarho, ya ƙi buga layi, imel ya ƙi fita, sai ya ce modem ya mutu. Galibi lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa irin mai arahar nan ne na cikin kwamfuta da ake kira winmodem. Rabin na'ura ne kawai, sauran aikin manhajar Windows ke yi masa, kuma kamfanoni ba su cika rubuta wa Linux irinta ba. Ko ka kwana kana taɓa saitin KPPP (manhajar buga layi) ko na Thunderbird (manhajar imel), aikin banza ne. Nemo modem na waje mai wayar siriyal, ka nuna wa manhajar buga layi ta wvdial sunan mashigar siriyal ɗin, misali /dev/ttyS0, za ka ji tsuwwar nan tasa ta tashi.