Kafin ka karɓi rance, ka nemi jimillar abin da za ka biya

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ban ga dalilin zargin mutum don ya nemi rance ba. Abin da yake damuna shi ne irin tambayar da mai neman rance yake yi a lokacin da buƙata ta matsa masa. Yawanci abin da yake son ji bai wuce ko za a ba shi ba, da kuma nawa zai riƙa biya duk wata, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce jimillar kuɗin da za su fita daga hannunsa daga yau zuwa ranar da zai gama biya, da kuma inda zai samo su.

Bari mu yi lissafi. A ce mutum ya ranci 100,000 a kan kuɗin ruwa na kashi 5 cikin 100 a wata, zai biya cikin wata 12. Kashi 5 ba ya tsorata kowa a kunne, amma idan ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshen wa'adi, ruwan kaɗai 60,000 ne, jimilla 160,000. Wani abin da mutane da yawa ba sa lura da shi kuma shi ne, tun daga watan farko mai rancen ya fara mayar da uwar kuɗin, ta yadda a wata na goma abin da ya rage a kansa kaɗan ne, amma har yanzu ana cajinsa ruwa kamar dai dukkan 100,000 ɗin suna aljihunsa. Idan aka auna ruwan da abin da ya rage a kansa a zahiri, zai kai kusan kashi 8 a wata. Idan kuma an zaftare kuɗin cike takarda ko na inshora tun kafin a miƙa masa kuɗin, tsadar ta ƙara hauhawa. Inda ruwa yake hawa kan ruwa kuwa, kashi 6 a wata ya isa ya ninka bashi cikin shekara guda.

Ba talaka kaɗai wannan tarko yake kamawa ba. Kafin rikicin tattalin arziki na 2008, an bai wa ɗimbin mutane a Amurka rancen sayen gida da ruwa mai sauƙi a shekaru biyun farko, daga nan sai ruwan ya tashi. Da yawansu sun sa hannu ne da fatan darajar gidajen za ta ci gaba da hawa, su sake wani rancen su rufe na farko. Da farashin gidaje ya faɗi, miliyoyi suka rasa muhallinsu, bankin Lehman Brothers ma ya durƙushe a watan Satumba na wannan shekarar.

A yau wayar hannu ta rage tazarar da ke tsakanin buƙata da bashi zuwa 'yan mintuna. Mutum yana kwance da tsakar dare, damuwa ta hana shi barci, sai ya sauke manhajar rance, ta nemi izinin shiga jerin lambobin da ke wayarsa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ko layi ɗaya na sharuɗɗan ba. Ranar da ya makara da biya, saƙon tozarci ne zai isa wayar surukinsa da ta shugabansa a wurin aiki. Abin ya yi ƙamari har kamfanin Google ya hana manhajojin da ke neman a biya su cikin kwana 60 ko ƙasa da haka zama a shagonsa na sauke manhajoji tun 2019, sannan a 2023 ya haramta wa manhajojin rance leƙa hotuna da lambobin mutane. A ganina, duk mai ba da rancen da ya fi sha'awar sanin 'yan uwanka fiye da sanin hanyar samunka, ya riga ya nuna maka yadda yake shirin karɓar kuɗinsa.

Akwai bambanci tsakanin rancen da zai haifar da abin biyan kansa, kamar na sayen kayan sana'a ko ƙara jari, da wanda za a kashe a kan abin da zai ƙare tun kafin biyan farko ya zo. Na farkon ma sai ribar da ake sa rai ta zarce ruwan da tazara, domin ciniki yana iya tsayawa amma wa'adi ba ya jira. Mafi haɗari duka shi ne cin sabon bashi don biyan tsoho, wanda sau da yawa tsugune ba ta ƙare ba ce, an sayar da kare an sayi biri.

Ko tsakanin 'yan uwa da aminai, a rubuta adadin da wa'adin, a sa shaidu. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi. Wanda kuma aka roƙa ya tsaya wa wani, ya sani cewa sa hannunsa alkawari ne na biya idan mai rancen ya gaza, kuma abin da ya bayar jingina yana iya salwanta a kan kuɗin da bai taɓa ko kallonsu ba. Ya kamata ya nemi kwafin yarjejeniyar, ya tafi da ita gida, ya karanta sashen tarar jinkiri da sharaɗin ƙwace jingina a natse, ya kwana a kan maganar kafin ya ba da amsa.