Sudan ta Kudu: Wa ya fara harbi, wa ya tsokano yaƙin?

Duk lokacin da aka tayar da zancen ɓallewar Sudan ta Kudu, akan samu masu ɗora laifin kacokan a kan 'yan kudu, bisa hujjar cewa sojojinsu ne suka yi bore a Torit a watan Agusta na 1955, su ne kuma suka sake yi a Bor a watan Mayu na 1983. Hakan ya faru, amma wanda ya tsaya a kan harsashin farko kaɗai zai wanke waɗanda suka shafe shekaru suna saɓa alkawari daga kan kujerar mulki.

'Yan majalisar kudu sun goyi bayan ayyana 'yancin kan Sudan na 1956 ne bayan an yi musu alkawarin duba tsarin tarayya, kuma da buƙata ta biya aka yi fatali da maganar. Tun kafin nan, da Turawa suka miƙa wa 'yan ƙasa muƙamai kimanin 800, abin da kudu ta samu bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba.

A ganina, shekarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 1972. Yarjejeniyar Addis Ababa da shugaban Sudan na lokacin, Ja'afar Numeiri, ya ƙulla da 'yan tawayen Anyanya ƙarƙashin Joseph Lagu ta ba kudu gwamnatin yanki da majalisarta a Juba, aka kuma samu zaman lafiya na shekara goma sha ɗaya. Wato mutanen da ake cewa ba abin da suka sa a gaba sai raba ƙasa sun ajiye makamai da aka ba su wani kaso na abin da suka nema. Da aka gano man fetur kusa da Bentiu, sai Khartoum ta yi yunƙurin sake shata iyaka don rijiyoyin su faɗo arewa, ta tsara kai matatar man garin Kosti da ke arewa, ta umarci bataliyoyin kudu su koma arewa, sannan a watan Yuni na 1983 Numeiri ya karkasa yankin gida uku da doka ɗaya. Masu cewa addini ne tushen komai su lura cewa dokokin Shari'a na Numeiri sun zo ne a watan Satumba, bayan wutar ta riga ta kama. John Garang kansa, jagoran sabon tawayen, wanda kanar ne a rundunar gwamnati kafin ya shiga daji, sabuwar Sudan dunƙulalliya ya nema.

Saboda haka ban ga yadda za a ce ɓallewar ba ta halatta ba. An gwada zama tare, mai riƙe da iko ya warware sharuɗɗan zaman, an rasa rayuka kimanin miliyan biyu, sannan rabuwar ta biyo ta yarjejeniyar 2005 da ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2011, inda kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi tafiya. Duk mai neman fakewa da misalin nan don ɗaukar makami a wata ƙasa, sai ya fara nuna cewa an toshe masa ƙofofi kamar yadda aka toshe wa waɗannan.

Sai dai ma'aunin da ya kama Khartoum bai bar Juba ba. A watan Disamba na 2013, shekara biyu da 'yan watanni bayan bikin 'yanci, rigimar mulki tsakanin Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar ta rikiɗe ta zama kisa tsakanin ƙabilun Dinka da Nuwer, aka ƙiyasta mutuwar kusan mutum 400,000, alhali wannan karon babu Balaraben da za a nuna da yatsa. Zaɓen da aka yi wa jama'ar alkawari tun 2015 an yi ta ɗage shi, kuma a 2024 shugabannin suka sake tura shi zuwa Disamban 2026.