Takardar saman tanki

Yayana ya daɗe yana mafarkin mallakar motar Chevrolet Corvette ƙirar 1967. Da ya ji labarin wani dattijo zai rabu da tasa, sai ya ce in raka shi. Duk wanda ya taɓa zama ƙani ya san ma'anar rakiya: kai ne mai shiga ƙarƙashin mota.

Dattijon ya rantse cewa tun daga masana'antar Sen Luwis da ke Amurka motar ta fito da babban injin 427 mai ƙarfin doki 435, wanda kamfani ke yi wa laƙabi da L71, mai kafireto uku. A nan kuɗin yake. Masu wannan harka ma sukan yi ba'a cewa irin waɗannan motoci da ke yawo a yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa, domin tambarin 427 da bonet mai tudu duk ana sayar da su, kowa na iya manna wa tasa. Lambar shasi kuwa ba ta ceton kowa, don sai a 1972 aka fara saka alamar injin a cikinta.

Yaya ya fara da nasa binciken. Ya zaro maganaɗisu daga aljihu don gano inda aka yi ciko, tunda ƙarfe kawai yake kamawa, ya manna a ƙofa, maganaɗisun ya faɗi. Ya manna a bonet, ya faɗi. Ya jawo ni gefe yana raɗa: "Motar nan gaba ɗaya ciko ce!" Dattijon ya yi gyaran murya ya ce jikin Corvette ai na faiba ne tun 1953. Yaya ya mayar da abinsa aljihu, ya ce dama gwada shi yake yi.

Muka koma kan injin. Akwai ɗan shafaffen wuri a gabansa inda masana'anta ke buga lamba: harafin T na garin Tonawanda inda aka haɗa shi, kwanan wata, sai JE a ƙarshe idan da gaske L71 ne. Na haska tocila, na ga JE ɗin zaune daram. Sai dai ƴan damfara sun iya goge wurin su sake bugawa, shi ya sa masana ke duban siraran layukan da injin masana'anta ya bari a fuskar ƙarfen. Na duba har idona ya kawo ruwa. Yaya ya ce, "Ka ga layukan?" Na ce na ga wasu. Ya ce, "Na gaskiya ne?" Na ce ba su faɗa mini ba.

Saura hujja ɗaya. Daga 1967 kamfanin ya fara manna takardar odar kowace mota a saman tankin fetur, ɗauke da jerin duk abin da aka saka mata. Wanda ya yanke shawarar ɓoye takarda a wurin, ina da magana da shi. Dattijon ya yarda a sauke tankin, ya kuma tabbatar mana babu ko ɗigo a ciki.

Na kwanta rigingine, na cire mazaunin safaya, na kwance igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da tankin. Ina zare tiyo sai fetur ya yi mini sallama: ta hannun riga ya shiga, ya bi hamata, ya tsaya a kwankwaso. Na yi ihu. Daga sama na jiyo Yaya yana cewa, "Yi a hankali, kada ka jiƙa takardar!"

Takardar kuwa tana nan, wallahi. Ta yi launin ƙasa, ta bushe kamar ganyen kaka, ƙura ta lulluɓe ta. Muka durƙusa mu uku a kanta babu mai numfashi da ƙarfi. Ɓera ya riga mu zuwa da shekaru, kuma ɓeran nan masani ne, domin daidai layin injin ya ci. Ɗan abin da ya bari harafin L ne da wani guntun da zai iya zama 7. Yaya ya ce 71 ne. Na tuna masa cewa ƙaramin injin 327 mai doki 350 shi ma L79 ne. Muna cikin wannan musu warin fetur ya hau mini hanci, na yi atishawa. Guntun ya tashi sama, har yau ba a san inda ya sauka ba.

Layi ɗaya ne ya tsira lafiya lau: U69, wato rediyo.

Dattijon ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai cike da alfahari, ya ce tunda yanzu an tabbatar rediyon na asali ne, farashi ya ƙaru. Yaya bai saya ba. A hanyar dawowa kuma ya ce in zauna a baya, in sauke gilashi.