Sabuwar taya mai matsakaicin farashi ta fi 'yar Beljiyam mai babban suna

Duk wanda ya mallaki tsohuwar motar gudu a jihar Kebbi, irin su BMW 330Ci ko Mercedes CLK ko Nissan 350Z da suka shigo mana ta Kwatano bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka, ya san cewa ranar da tayoyi suka suɗe ce ake gane ko mutum zai iya riƙe motar. Kuɗin sababbin tayoyi huɗu masu babban suna yakan cinye kaso mai tsoka na darajar motar kanta, saboda haka da yawa daga cikinmu sukan nufi wurin masu sayar da tayoyin Beljiyam, su zaɓi wadda aka rubuta Michelin ko Pirelli a jikinta, su tafi suna ganin sun yi dabara. Ra'ayina shi ne wannan ciniki asara ce, kuma asarar tana iya kaiwa ga rai. Sabuwar taya mai matsakaicin farashi, wadda ba ta daɗe da fitowa daga masana'anta ba kuma ta dace da lambobin motar, ita ce ta cancanci kuɗin mai irin wannan mota.

Dalilina na farko shi ne roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba. Taya tana iya kasancewa da zane mai zurfi, an wanke ta an shafa mata mai tana ƙyalli, alhali jikinta ya riga ya bushe ya fara tsattsagewa. Shekarunta kuwa a rubuce suke a gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, inda za a ga lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an rubuta 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, kuma ba ta da wurin zama a ƙarƙashin kowace mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka yi ta, shi kuwa kamfanin Michelin yana cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, a cire ta gaba ɗaya idan ta kai goma. Ni na fi karkata ga tsaurin hukumar, domin zafin Birnin Kebbi a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, kuma zafi shi ne babban abin da ke gaggauta tsufan roba. Idan mai saye ya ga an kankare wurin lambar ko an yi masa kwaskwarima, ya bar tayar nan take, komai sauƙin da aka yi masa.

Akwai wani abin da masu sayen 'yar Beljiyam ba su cika lura da shi ba, wato da yawa daga cikin tayoyin da Turawa ke cirewa na lokacin hunturu ne. Ana gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiyarsa, da kuma ƙananan tsagogi masu yawa a kan zanen. An haɗa robarsu ne domin ta yi laushi a sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, saboda haka idan aka ɗora su a kan kwaltar Jega zuwa Koko da tsakar rana sai su yi laushi fiye da kima, su cinye da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. Motar da aka ƙera domin ta riƙe hanya ta rasa abin da ya sa aka saye ta ke nan.

Ya kamata a tuna kuma cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, don haka wadda ta iso kasuwa ba wanda ya tantance ta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, muka dogara ga na waje, kuma ko a cikin sababbin akwai matsala, domin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena. Wannan cushe yana lanƙwasa wayar bakin taya, wadda ita ce ke riƙe rim, don haka ko sabuwa ce sai a shafa bakinta a tabbatar bai karkace ba.

Daga nan sai lambobin nauyi da gudu, waɗanda a motar gudu ba abin wasa ba ne. Bayan girman taya za a ga wani abu kamar 91W. Lamba 91 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, harafin kuma yana nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Wani zai ce ai ba wanda ke gudun 240 tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma gaskiya ne, bai ma kamata a yi ba. Sai dai harafin yana kuma nuna ƙarfin ginin tayar da yadda take jure zafi, shi ya sa nake ganin kuskure ne a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Inda aka rubuta matakin jure zafi da A ko B ko C, ƙasarmu ta A ce, wato wadda ta fi jure zafi.

Maganar girma ce ta fi raba ni da samarinmu masu son kwalliya. Taya mai lamba 225/45 R17 tana da faɗin milimita 225, tsayin gefenta kuma kashi 45 cikin ɗari na faɗin ne, wato kimanin milimita 101, shi kuwa 17 girman rim ne a inci. Idan aka koma rim mai inci 18 da taya 225/40, gefen ya ragu zuwa milimita 90, kuma wannan ɗan bambancin shi ne ke tsakanin rim da bakin rami. A hanyoyin da manyan motocin shinkafa da na albasar Aliero ke bi dare da rana, inda damina ke buɗe sababbin ramuka kowace shekara, siririyar taya ba ta daɗewa sai ta yi ƙululu a gefe, kuma tayar da ta yi ƙululu zarenta na ciki ya tsinke, babu facin da zai gyara ta. Shawarata ita ce a tsaya a kan mafi ƙanƙantar rim ɗin da kamfani ya amince wa motar, matuƙar birki ya shiga cikinsa, domin tayarsa ta fi sauƙin kuɗi, ta fi samuwa, ta kuma fi juriya.

Game da suna, tsakanin masu tsada irin su Continental da Bridgestone da kuma waɗanda ba a san asalinsu ba, akwai kamfanoni masu tarihi kamar Hankook da Kumho da Nexen na Koriya ta Kudu, da Falken na Japan, da Maxxis na Taiwan. A nan nake ganin kuɗin mai tsohuwar motar gudu ya fi yin aiki. Mafi arahar cikin shago takan yi kyau a busasshiyar hanya, aibinta sai ruwan Agusta ya sauka yake bayyana, lokacin da ake bukatar birki ya kama a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Wanda ƙarfinsa bai kai huɗu ba ya sayi biyu iri ɗaya ya sa su a baya, domin waɗannan motoci da ƙafar baya suke ja, kuma idan baya ya zame ba kowane direba ke iya dawo da shi ba. A lura kuma cewa wasunsu girman gaba daban ne da na baya, kamar BMW ɗin da ke ɗaukar 225/45 a gaba da 245/40 a baya, don haka ba a musanya musu wuri.

Sayen taya mai kyau ba ya wadatarwa idan an ɗaura ta ba daidai ba. Wasu tayoyin suna da kibiya mai nuna inda za su juya, wasu kuma an rubuta gefen da zai kalli waje, kuma ba rashin ladabi ba ne mai mota ya tsaya kusa da mai faci ya ce, Malam, don Allah a duba kibiyar kafin a ɗaura. Sai a yi balansin da saitin ƙafa a ranar, domin tsohuwar mota mai gajiyayyun robobin ƙafa tana iya cinye gefen sabuwar taya cikin ɗan lokaci. Iska kuma a auna ta da geji da safe kafin a hau hanya, bisa abin da ke jikin ƙofa, domin lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ƙarancin iska yana sa taya ta ɗauki zafi har ta fashe, kuma 'yan Najeriya ba su manta da haɗarin watan Maris na 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja ba, inda fashewar tayar baya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi tare da matarsa da ɗansa. Idan zane ya sauka daidai da ƙananan tudun da ke cikin ramukansa, wato milimita 1.6, wa'adin tayar ya cika, kuma ga motar da ke ja da baya gara a canza ta tun kafin ta kai nan, musamman idan damina na gabatowa.